Kurakuran da ake tafkawa da feromon in an kai kare baƙon wuri

Kare in aka ɗauke shi daga inda ya saba, ko an tashi daga gidan haya ko an sayo shi daga wajen mai kiwo, kwanakin farko sai a hankali. Zai ƙi cin abinci, ya maƙale bindi tsakanin ƙafafu, ya yi ta hamma da lasar baki ba gaira ba dalili, dare na yi kuma ya fara kuka har maƙwabta su fara aiko yara. To a nan ne wasu ke sayo feromon, wato sinadarin kwantar wa kare da hankali, mafi yawa Adaptil na kamfanin Ceva na ƙasar Faransa, su saka, kwana biyu su ce ai damfara ce ba ya aiki. Gaskiya yawanci yadda aka yi amfani da shi ne matsalar, sai kuma burin da aka ɗora masa wanda ya fi ƙarfinsa.

Abin nan kwaikwayo ne na wani sinadari da karya mai shayarwa ke fitarwa daga fatar da ke tsakanin nonuwanta, 'yan kwanaki bayan ta haihu har zuwa yaye, shi ke sa 'yan kwikwiyo su natsu a jikinta. Wani likitan dabbobi Bafaranshe, Patrick Pageat, shi ya gano shi. Kare na ɗaukarsa ta wata 'yar gaɓa da ke saman dasashinsa can ciki, kai ba za ka ji komai ba, don haka masu shinshina kwalba suna cewa ba ƙamshi an cuce su, ku kwantar da hankali, haka yake. Kuma na kare daban na kyanwa daban, Feliway na kyanwa ne, in mai shago ya ce maka duk ɗaya ne kar ka karɓa.

Akwai na jonawa a soket, akwai na ɗaurawa a wuya, akwai kuma na feshi. Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane a nan wajenmu shi ne sayen na jonawa a soket. An yi shi ne don gidajen da kare ke kwana a falo, ƙofa a rufe, wuta ba ta ɗaukewa. Sai ya ɗumama kafin ya fara fitar da sinadarin, ana so ya zauna a jone dare da rana, kwalba ɗaya ta yi kwana 30, kuma iyakarsa ɗaki mai faɗin murabba'in mita 70 ko ƙasa da haka. To kai da NEPA ke kawo muku wuta awa uku a ɗauke, karenka kuma yana tsakar gida ko bayan gareji inda iska ke kaɗawa ta ko'ina, me kake tsammani? Kamar ka kunna turaren wuta a filin ƙwallo ne. In ba ka da sola ko inbata mai tsayawa, ko kuma karen ba a rufaffen ɗaki yake kwana ba, ka bar na soket ka sayi na wuya. Shi na wuya ɗumin jikin karen ne ke sa shi aiki, duk inda ya je yana tare da shi, yana kai sati huɗu. In kuma kana da wutar kuma karen na ɗaki, to a jona shi a tsaye kai tsaye a soket na bango, ba a ekstenshan ba, ba bayan kujera ko labule ba, ba ƙarƙashin kanta ba, ba kuma jikin taga ba.

Na wuyan ma ana ɓata shi. Sai ka ga an ɗaura shi sakwa-sakwa yana lilo kamar sarƙa, wai kar a shaƙe shi. In bai taɓa fata ba ɗumin bai kai gare shi ba, kuɗinka ne kawai ke rataye. Ka ɗaura yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuyan, ka yanke rarar da ta yi saura, in kwikwiyo ne ka riƙa dubawa duk bayan 'yan kwanaki don suna girma da sauri. Ranar wanka da sabulu a cire, in ya bushe a mayar. Kar a ɗaura igiyar ja a jikinsa, ba don haka aka yi shi ba. Sannan ba shi ne na kashe kaska da ƙuma ba, mutane na rikita su saboda sun yi kama, kowanne aikinsa daban.

Na feshi kuwa, wallahi abin takaici, wasu a jikin karen suke fesawa, har a fuska. Akwai barasa a cikinsa irin ta sifirit, warinta kaɗai ya isa ya ƙara firgita shi. A kan bargonsa ko cikin kejin tafiya ko kujerar mota ake fesawa, sau takwas zuwa goma, karen na waje, a jira minti 15 warin ya fita sannan a shigo da shi. Kuma awa huɗu zuwa biyar ne ya tafi, saboda haka in tafiyar Kano zuwa Abuja ce sai ka tsaya a hanya, wajen Kaduna haka, ka fito da shi ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, ka sake fesawa ka sake jira.

Sai maganar lokaci. Mutum zai bari sai karen ya kwana biyu yana ihu sannan ya tuna da kwalba. Ana so na soket ya riga karen isa da kamar kwana guda, na wuyan kuma a ɗaura kwana ɗaya ko biyu kafin a tashi. Haka ma lokacin bukukuwa da yara ke wasan nokawut a unguwa, tun kafin a fara za ka shirya. Kuma in ka saka ka ba shi wata guda kafin ka yanke hukunci, ba allurar barci ba ce da za ka ga ya ɓingire.

Ina ganin ya kamata a faɗi wannan ƙarara tunda masu sayarwa ba za su faɗa ba: hujjar cewa feromon na aiki ba ta da ƙarfi sosai. A 2010 wasu masana, Diane Frank da abokan aikinta, sun tattara binciken da aka yi a kai suka buga a mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, suka ce a yawancin matsalolin hujjar ba ta isa ba, inda aka ɗan ga haske shi ne rage tsoro ga 'yan kwikwiyo a wajen horo. Wani karen zai taimake shi, wani ko a jikinsa. Ni dai ina ɗaukarsa ɗan taimako ne a gefe, babban aikin yana hannun mai karen.

Kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ta fi duk ta baya. An ɗaura masa abin wuya mai tsada, amma ranar da ya iso an tara yaran gida da na maƙwabta kowa na son ya taɓa, an wanke tsohon buhun da yake kwana a kai ko an yar da shi a tsohon gida, an sauya masa abinci a rana ɗaya, in ya yi haushi da dare maigadi ya zabga masa sanda. Ba feromon ɗin da zai gyara wannan. Ka taho da shimfiɗarsa yadda take da warinta da kwanon cin abincinsa, ka ware masa lungu ɗaya mai inuwa da ruwa inda ba mai damunsa, abincin da ya saba a lokacin da ya saba. In ya shige ƙarƙashin mota ya ɓuya kar ka jawo shi, ka zauna nesa kaɗan ka jefa masa ɗan nama, da kansa zai fito. Kwanakin farko a riƙa zagayawa da shi da igiya kuma a lura da get, don karen da ya tsorata in ya samu ƙofa a buɗe tsohon gida zai nufa. Duka kuwa tsoro yake ƙarawa, kuma kare mai tsoro shi ke cizo.

Wasu in sun gaji sai su koma kemis, a ba shi maganin barcin mutane ko tiramol, wasu har farasitamol wai ko jikinsa ke ciwo. Kar ka fara, farasitamol da ibuprofen na iya lalata masa hanta ko ƙoda ko ciki. Haka man ƙamshin nan da ake ɗigawa a ɗaki, wasu irinsu guba ne ga kare, kuma ba feromon ba ne ko da an rubuta mai kwantar da hankali a jikin kwalbar.

Sannan ba duk haki ne tsoro ba, a watan Afrilu kare na iya yin haki don zafi kawai, wannan inuwa da ruwa yake so. In ya wuce kwana biyu bai ci komai ba, ko yana amai da zawo, ko yana ji wa kansa ciwo wajen ƙoƙarin fasa keji, a kai shi wajen likitan dabbobi, akwai magungunan tsoro na gaske da shi kaɗai zai rubuta. In kuma karen da ba ka san tarihin allurarsa ba ne ya sauya hali farat ɗaya, yana dalalar da miyau yana kai cizo ga komai, a killace shi kar kowa ya matsa kusa, a kira likita nan take saboda ciwon haukan kare. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya wuce asibiti a ranar.