Majinginar baya a babur: ta noti ko ta walda?

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai shirin sa wa babur majingina saboda wanda yake goyawa, ya fara duba aikin da babur ɗin ke yi masa.

In kana ɗaukar buhu, jarkoki ko katako, sa wadda ake ɗaurewa da noti a jikin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya. Ranar kasuwa ka kwance da sifana, ranar kai iyali unguwa ka mayar. Matsalarta ɗaya ce: girgizar hanya na sassauta noti, musamman a kan burji. Saboda haka ka sa washa mai sifirin a ƙarƙashin notin, ko ka sa noti biyu, kuma duk sati ka jijjiga ta da hannu kafin kowa ya hau. Majinginar da ta yi lako-lako ta fi rashinta haɗari, don mutum ya riga ya sakar mata jikinsa.

Ta walda ta fi ƙarfi, ba ta yin ƙara, ita na fi so ga mai kai yara makaranta kullum. Amma a jikin kariya za a liƙa ta, kar ka bari mai walda ya taɓa firam, zafi na raunana ƙarfe. A cire wayar batir tukuna.

Don Allah kuma kar a yi ta da tsawo. Iyayenmu mata masu zani da dattawa suna wahalar hawa in sai sun ƙetare ta. Ta tsaya daidai ƙugu, a sa mata soso mai kauri.