Darasi na 9: Akwatin Wasiƙunka a Cikin Filashi

Ba kowa ke da kwamfutar kansa ba. Wani yau yana shagon intanet, gobe yana ofishin ƙungiyarsu, jibi ya ari ta ɗansa. Idan ya buɗe imel ɗinsa ya manta bai fita ba, wanda ya zauna bayansa sai ya karanta masa wasiƙu. Wannan darasi domin irin wannan mutumin aka yi shi.

Akwai manhajar karanta imel da ake kira Thunderbird. Gidauniyar Mozilla ce ta fitar da ita a 2004, kuma kyauta ce. Shafin PortableApps.com ya shirya wani nau'inta mai suna Thunderbird Portable, wanda ke zama a cikin filashi maimakon cikin kwamfuta. Wasiƙunka da adireshin mutanenka duk suna can. Ka zare filashi, ka tafi da abinka a aljihu. A kwamfuta mai Windows take aiki.

Ɗora ta ba wuya. Soka filashinka, ka shiga shafin, ka sauke manhajar, ka buɗe fayil ɗin da ya sauka. Idan ta tambaye ka inda za ta zauna, zaɓi filashin. Za ka ga sabuwar folda mai suna ThunderbirdPortable. Buɗe ta, ka latsa fayil mai wannan sunan sau biyu, sannan ka rubuta sunanka, da adireshin imel, da kalmar sirri.

A nan sai ka natsu. Za a nuna maka hanyoyi biyu, IMAP da POP. Zaɓi IMAP. Ita tana barin asalin wasiƙunka a wurin kamfanin da ya ba ka imel, kamar Gmail, ta kawo maka kwafi kawai. POP kuwa tana iya kwaso su gaba ɗaya, bayan ɗan lokaci a share na can. Filashi ƙaramin abu ne. Yana faɗuwa a cikin mota, ana wanke shi a aljihun riga. Ran da ya ɓata, mai IMAP zai sayi wani ya ci gaba, mai POP kuwa yana iya rasa takardun shekaru.

Wasiƙun da suka riga suka sauka, kana iya karanta su ko babu intanet. Kana ma iya rubuta amsa ka ajiye, ka aika idan ka samu sabis.

Sai batun tsaro. A cikin saitin manhajar akwai wurin sanya babbar kalmar sirri, a Turance an rubuta Primary Password. Sanya ta tun ranar farko. Amma ka sani, kalmomin sirrin da ka adana kaɗai take kullewa. Wanda ya tsinci filashin zai iya karanta wasiƙun da ke ciki. Don haka kada ka ba da aronsa, ko don a kwafi waƙa ne. Idan ya ɓata, canza kalmar sirrin imel ɗinka a ranar.

Kwamfutocin da jama'a ke rububi ba sa rabuwa da ƙwayoyin cutar kwamfuta, wato virus. Idan ka ga foldojinka sun koma wasu 'yan alamomi masu kibiya, kada ka latsa su. Kai filashin wurin wanda ya sani ya duba.

Da ka gama aiki, rufe Thunderbird tukuna, ka ɗan jira. Sannan ka je gefen agogo a ƙasan allo, ka latsa Eject, ka zare. Fizge shi ana cikin rubutu yana lalata fayil. Duk ƙarshen wata kuma, kwafi foldar Data da ke cikin ThunderbirdPortable, inda wasiƙunka suke, zuwa wani filashin, ka ajiye a gida.

Aikin gwaji: aika wa kanka wasiƙa, ka zare filashin yadda aka koya, ka soka shi a kwamfutar abokin karatunka. Wasiƙar tana nan? Nuna wa malami.