Yadda ake zaɓen boila da bututu in ka mallaki gida a Ingila

Duk ɗan uwan da boilarsa, wato na'urar da ke dafa ruwan wanka da ɗumama gida, ta mutu a tsakiyar hunturu a nan Ingila, tambayarsa ta farko ita ce wane kamfani ya fi. Ni dai nakan ce a ajiye maganar kamfani tukuna, Worcester Bosch da Vaillant da Ideal da Baxi duk suna yin masu kyau, abin da ke sa mutane cizon yatsa shi ne saka wadda ba ta dace da gidan ba. In haya kake kam ba ruwanka, aikin mai gida ne, har da duba lafiyar gas duk shekara.

Fara da ƙirga mutanen gidanka da banɗakuna. Boila iri uku ce. Akwai kombi, ita ba ta ajiye ruwa, kana buɗe famfo take dafa maka shi nan take, ba ta cin wuri, ta dace da ƙaramin gida mai banɗaki ɗaya. Akwai sistem mai silindar ajiye ruwan zafi, sai regula, tsohon yayi, mai silinda da kuma tanki a saman silin. To a nan ne namu suke yawan kuskure wallahi, saboda gidan Bahaushe ba ya rabo da mutane, ga yara ga baƙi daga gida da za su yi wata biyu, da asuba wannan na alwala wancan na wanka uwargida na kicin, kombi kuwa in aka buɗe famfo biyu lokaci ɗaya sai ruwan ya rabu, mai shawa ya ji sanyi ya sauko masa a ka. In banɗakinka biyu ne kuma ana shiga tare, sistem ta fi maka ko da za ta ci maka wurin kabad ɗaya.

Daga nan ɗauko bokiti da agogon wayarka. Buɗe famfon ruwan sanyi na kicin har ƙarshe ka ga lita nawa yake zubarwa a minti ɗaya, ka gwada da safe lokacin da maƙwabta ma ke jan ruwa. Da kilowat ake auna ƙarfin boila, kombi mai kilowat 24 tana ba da wajen lita 10 na ruwan zafi a minti, mai 30 wajen lita 12, mai 35 wajen 14, to in lita 10 ne kawai ke shigowa gidanka ka sayi mai 35 ai ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa amfana da shi ba. A kombi ruwan wanka ne ke sa a nemi kilowat mai yawa, ɗumama ɗakuna ba ya buƙatar ko kusa da haka a yawancin gidaje.

Sai bututu, wanda shi ne mutane ba sa kallo don yana ƙarƙashin katakon daɓen ɗaki. Ka sa injiniya ya duba bututun gas daga mita zuwa boila, tsofaffin gidaje da yawa na milimita 15 ne, sabuwar kombi kuwa galibi sai na 22, in ba haka ba gas ɗin ba zai ishe ta ba. Ka tambaye shi bututun radiyeta, wato ƙarafunan jikin bango da ruwan zafi ke bi su ɗumama ɗaki, wane iri ne, in siraran nan ne na milimita 8 ko 10 suna saurin toshewa, in kuma tsarin bututu ɗaya ne da ke zagaya gidan gaba ɗaya za ka ga radiyetar ƙarshe kullum da ɗumi-ɗumi kawai, gara a mayar da shi mai bututu biyu, ɗaya na kai ruwa ɗaya na dawo da shi. A bututun ruwa jan ƙarfe ko roba duk suna yi, amma dab da boila jan ƙarfe ake sawa. Wanda ya bi ta gareji ko saman silin a naɗe shi da soson nan na bututu.

Akwai wani farin bututun roba da nake so ka sa wa ido sosai. Tun 2005 doka ta ce sabuwar boilar gas sai irin wadda ke tatse zafin tururi kafin hayaƙi ya fita, tururin ya koma ruwa ya bi wannan bututu zuwa magudana. In ya bi ta waje kuma siriri ne, ƙanƙara na kama shi boila ta tsaya cak, haka ya faru da gidaje da yawa a sanyin ƙarshen Fabrairu 2018. Ka nace a haɗa shi da magudanar cikin gida, in dole sai waje to kada ya gaza milimita 32 kuma a naɗe shi.

Kafin a ɗaura sabuwa a wanke tsofaffin bututun tas, baƙin dagwalon tsatsa da ke ciki shi ke kashe sabuwar boila. A sa filta mai maganaɗisu, a zuba maganin hana tsatsa, in kana Landan ko kudu maso gabas inda ruwa ke barin farin ɓawo a butar shayi a ƙara na'urar rage shi.

Dan Allah kar ka ba wani aikin gas don ɗan garinku ne ko don ya yi araha. Sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar waɗanda doka ta yarda su yi aikin gas, ka ce ya nuna maka katinsa, ka juya bayansa ka ga an rubuta yana da izinin aikin boila. Ka nemi farashi daga mutum uku, ka saka ƙararrawar iskar nan mai guba da ba ta da wari, wato carbon monoxide, kuma a riƙa sabis duk shekara don da shi garanti ke tafiya.

In an gama sai saiti. Allurar furesha, wato ma'aunin matsin ruwa da ke jikin boila, ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 in boila ta huce. A kombi rage zafin ruwan radiyeta zuwa digiri 55 ko 60, a nan ne take tatsar tururin da kyau ta rage shan gas, ɗaki zai ɗan jima kafin ya ɗau ɗumi amma zai ɗauka. Mai silinda kuwa ruwan da ke ajiye kar ya sauka ƙasa da digiri 60, saboda ƙwayar cutar lijiyonela a ruwa mai ɗumi-ɗumi take hayayyafa.