Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa a kan kafuwar Jamhuriyar Weimar

Duk zangon karatu sai na duba takardun ɗaliban tarihi, kuma duk zango kurakuran nan dai su ne a kan yadda Jamus ta koma jamhuriya a 1918. Na gaji da jan biro a gefen takarda, bari in tara muku su wuri ɗaya.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne cewa wai 'yan siyasa ne suka miƙa wuya alhali sojojin Jamus na gab da cin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙarya ce da manyan hafsoshi suka yaɗa don su wanke kansu, ku kuma kuna kwafe ta ba ko tambaya. Ranar 29 ga Satumba 1918, manyan kwamandojin sojan Jamus, Ludendorff da Hindenburg, da bakinsu suka shaida wa Sarki Wilhelm na Biyu cewa yaƙi ya ɓaci, a nemi tsagaita wuta da gaggawa. Amma da aka zo sa hannu a cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne ranar 11 ga Nuwamba, farar hula aka tura ya jagoranci tawaga, Matthias Erzberger. Shekara na zagayowa Hindenburg ya tsaya gaban kwamitin majalisa ya ce daga gida aka ci amanar soja. Shi kuwa Erzberger, masu tsattsauran kishin ƙasa suka harbe shi a 1921. Akwai shekarar da wani yaron da nake duba kundinsa ya cusa wannan zance a babi na biyu. Mai jarrabawa daga waje ya karanto shi da ƙarfi a gaban kwamiti, sannan ya kalle ni ta saman tabarau. Yaro ya sake babin, kunya kuwa ni na sha ta. Tun daga nan dokata ɗaya: kafin ka ɗora wa wani laifi, jera mini ranaku daga Satumba zuwa Nuwamba a takarda guda, in gani tukuna.

Sai masu binne jamhuriyar tun ranar sunanta. Don Hitler ya hau mulki a 1933, sai ku rubuta cewa dama Jamusawa ba su taɓa son dimokuraɗiyya ba. Haba! A zaɓen 19 ga Janairu 1919, wanda mata suka jefa ƙuri'a a cikinsa karo na farko, jam'iyyu uku masu goyon bayan jamhuriya, wato SPD ta ma'aikata da Zentrum ta 'yan Katolika da DDP ta masu sassaucin ra'ayi, sun kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u. Ko a 1928 'yan Nazi ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. In rauni kake nema, ga inda yake: yarjejeniyar da sabon shugaban gwamnati Friedrich Ebert ya ƙulla da Janar Groener, magajin Ludendorff, ta wayar tarho ranar 10 ga Nuwamba, wadda ta bar tsofaffin hafsoshi a kujerunsu, da kisan jagororin 'yan gurguzu Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht ranar 15 ga Janairu 1919, da sashe na 48 na kundin tsarin mulki da ya ba shugaban ƙasa ikon dokar ta-ɓaci. Waɗannan za ka tattauna, da hujja.

Sauran ƙanana ne. Weimar, garin da jamhuriyar ta samo sunanta daga gare shi, ba ta taɓa zama babban birni ba. Majalisa ta zauna a gidan wasan kwaikwayo na garin daga 6 ga Fabrairu 1919 ne saboda Berlin ta rikice. Sarki bai sanar da murabus da kansa ranar 9 ga Nuwamba ba, shugaban gwamnatinsa Yarima Max na Baden ne ya yi masa riga-malam-masallaci, Sarkin sai 28 ga wata ya sa hannu a Holan. Diyyar yaƙi ta mak (kuɗin Jamus) biliyan 132 na zinariya ba ta cikin yarjejeniyar sulhu ta Versailles ta 1919, a 1921 aka yanke adadin. Kamaru kuma tun 1916 Ingila da Faransa suka ƙwace ta daga hannun Jamus da bindiga, Versailles tabbatar da hakan kawai ta yi a takarda.