Kurakuran da ake yi wajen fahimtar sukar da fim ɗin Transcendence ya sha

A ranar 18 ga Afrilun 2014 aka fara haska Transcendence a sinimomin Amurka, kuma kafin mako ya zagayo masu sharhin fina-finai sun yi masa kaca-kaca. Fim ne na almarar kimiyya mai ɗaga hankali. Johnny Depp ya fito a matsayin Will Caster, masanin ƙirƙirarriyar basira, wanda masu adawa da fasaha suka harbe shi da harsashi mai gubar foloniyam. Kafin ya cika, matarsa ta kwashe tunaninsa ta ɗora a kwamfuta. Har yau in aka ta da zancen fim ɗin, kurakurai iri ɗaya ake nanatawa, kuma su ne ake yi wa sauran fina-finan da suka sha suka.

Wanda ya fi yawa shi ne na alƙaluman Rotten Tomatoes, shafin intanet mai tattara sharhin fina-finai. Mutum zai ga kashi 19 cikin 100 sai ya ce masu sharhi sun ba fim ɗin maki 19. Ba haka ba ne. Shafin yana tattara sharhi ne ya raba gida biyu, na yabo da na suka, sannan ya faɗi kason waɗanda suka yaba. Ke nan wanda ya ce fim ɗin yana da kyau amma da sauran gyara yana iya faɗawa gida ɗaya da wanda ya ce ɓata lokaci ne kawai. Gyaran shi ne a leƙa Metacritic, inda ake auna nauyin kowane sharhi a fitar da matsakaici. A can Transcendence ya samu 42 cikin 100, wato tsaka-tsaki mai karkata ga rauni. Wannan ya fi kusa da gaskiyar abin da aka rubuta: mafi yawan masu sharhi takaici suka nuna, don sun ga labari mai kyau da aka kasa riƙewa.

Akwai kuma masu yin kuskuren ta ɗaya ɓangaren. CinemaScore, kamfanin da ke tambayar 'yan kallo a daren farko, ya ba fim ɗin C+, sai a ce ai ya ci jarrabawa. Waɗanda ake tambaya fa su ne suka fi kowa ɗokin fim ɗin, har suka biya kuɗi a ranar farko. In irin waɗannan suka ba da C+, to sun fito ne ransu bai yi daɗi ba. Don haka ba a nan za a ce masu sharhi sun saɓa wa 'yan kallo ba.

Sai lissafin kuɗi. An kashe kimanin dala miliyan 100, an tara kusan miliyan 103 a duniya, shi ke nan sai ka ji ana cewa ya mayar da uwar kuɗi. Masu gidajen sinima suna ɗauke kusan rabin kuɗin tikiti, a ƙasar Sin ma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke komawa ga kamfanin waje, kuma kuɗin talla ba ya cikin wancan miliyan 100. A Amurka dala miliyan 23 kacal ya tara. Asara ce aka tafka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɗora wa jarumi laifi duka. Gaskiya ne Depp ya yi sanyi, amma mafi yawan fim ɗin fuskarsa ce kawai a allon kwamfuta tana magana ƙasa-ƙasa. Matsalar tana ginin labarin. Wally Pfister, wanda ya ba da umarni, gwanin ɗaukar hoto ne da ya daɗe yana aiki da darakta Christopher Nolan, har ya ci lambar yabo ta Oscar da fim ɗin Inception, amma wannan ne karonsa na farko a kujerar darakta. Hotunan sun yi kyau sosai. Sai dai ka duba yadda aka buɗe fim ɗin: an nuna gari babu lantarki babu intanet, an tokare ƙofa da allon madannan kwamfuta, sannan aka koma baya shekara biyar. Fim mai ɗaga hankali da tambayar “me zai faru?” yake riƙe mai kallo, a nan kuwa an ba shi amsar tun a mintunan farko. Daga baya kuma, daidai lokacin da ya kamata mu ga yadda matar ta fara tsoron abin da mijinta ya zama, sai aka tsallake shekara biyu. Mai son yin sharhi na gaskiya irin waɗannan wurare zai nuna da yatsa, maimakon ya ce “jarumin bai iya ba” ya wuce.

Wasu kuma sukarsu ita ce abin ba zai yiwu ba. Almara ce, an yarda ta ƙaga. Abin tambaya shi ne ko ta bi dokar da ta kafa wa kanta. Ƙananan na'urorin da Caster ya ƙera suna buɗe idon makaho, suna ƙara wa mutum ƙarfi, suna shiga ruwan sama, babu abin da ya gagare su, to ina sauran fargaba? Nan ne suka ta dace.

Tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai hira da mutane, ya fito a 2022, an samu masu cewa fim ɗin ya riga zamaninsa ne, suna kafa hujja da fina-finan Blade Runner da The Thing. Hujjar tana da tushe: rana ɗaya suka fito, 25 ga Yunin 1982, mako biyu bayan fitowar fim ɗin E.T., ba su samu karɓuwa ba, kuma yau ana girmama su. Amma Blade Runner sai da aka sake tace shi, aka cire muryar mai ba da labari da ƙarshen farin ciki a 1992, aka fitar da na ƙarshe a 2007. The Thing kuwa yawan ƙyamar da ya tayar ce ta kori mutane, labarinsa a ɗaure yake tamau. Tambayoyin Transcendence sun ƙara nauyi a yau, na yarda, kuma saboda su ya cancanci kallo. Tsallaken shekara biyun nan da buɗewar da ta tona ƙarshe kuwa suna nan yadda aka bar su a 2014.