Daga Damagaram zuwa Yamai: yadda ake zaɓen dillalin gida tun kafin a ɗaure kaya

Tsakanin Damagaram da Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 900, ta Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Motar da ta tashi da asuba sai dare take shiga gari. Ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki, ko ɗan kasuwar da ke son mai da iyalinsa can, ba zai iya hawa mota ba duk sa'ad da aka kira shi aka ce an samu gida. Dole sai da dillali. Sai dai mutumin da zai duba maka gidan shi ne kuma wanda ba zai ci la'ada ba sai ka ce ka yarda, don haka kafin ka tantance gida, shi za ka fara tantancewa.

Dillalan gidaje a Yamai iri biyu ne. Akwai masu ofis da allo a ƙofa, waɗanda ake kira ajans. Ajans ta gaskiya tana da lambar rajistar kasuwanci, wato RCCM, da lambar haraji ta NIF, kuma su biyun suna fitowa a jikin rasidinta. In ka nemi a turo maka hoton rasidi aka fara kame-kame, ka samu amsa. Ka sani kuma yawancin gidajen da ke hannun ajans ita ke karɓar hayarsu a madadin mai gida, shi ne ya ɗauke ta aiki, kuma ranar da rigima ta tashi gefensa za ta tsaya. Sai kuma dillalin unguwa, mai babur da waya, wanda ya san gidan da za a tashi tun kafin a kwashe kaya. Ya fi ajans saurin samo gida mai sauƙin kuɗi, amma ba shi da takarda, kuma sau da yawa gidan da yake tallata maka ba a hannunsa yake ba, wajen wani dillalin ya ji, shi ma wancan wajen wani ya ji. Kowannensu na jiran rabonsa, kuma daga aljihunka zai fito.

Sunan dillali daga bakin wanda ya zauna a gidan da ya samo masa ake nemansa. Ka tambayi ƴan Damagaram mazauna Yamai, da ma'aikatan ofishin da za ka koma. Kada ka manta da wanda za ka gada a wurin aiki: in shi ma an tura shi wani gari, wataƙila gida zai bari, ka shiga ba tare da la'ada ba. Tallan Facebook da na WhatsApp ya isa ya nuna maka yadda farashi ke tafiya, amma hotunan na iya zama na gidan da aka daɗe da shiga, an bar su ne don a riƙa kira.

Ka samu sunaye biyu ko uku, ka kira kowa da magana iri ɗaya: ga inda nake aiki, ga yawan iyalina, ga iyakar abin da zan iya biya a wata. Sannan ka saurara. Wanda ya san aikinsa zai tambaye ka ko kana da abin hawa, ko yaranka sun shiga makaranta, ko uwargida za ta yarda da gidan da ake haɗa tsakar gida da wasu. Wanda ya ce maka nan take "Alhaji, akwai wani mai kyau, turo abin kamawa kada a riga mu", ka bar shi.

Gwaji mafi amfani shi ne maganar unguwa. Kogin Kwara ya raba Yamai biyu. Mafi yawan ma'aikatu da Babbar Kasuwa suna gefen hagu, su Filato da Yantala da Bukoki da Lazare, Jami'ar Abdou Moumouni kuma tana hayin kogi, a Harobanda. Gadoji uku ne ke haɗa ɓangarorin, kuma wanda ya zauna a haye yana aiki a cikin gari, safe da yamma sai ya bi cunkoson gada. Ga kuma ruwa. A damanar 2020 kogin ya cika ya shiga gidaje a unguwannin bakinsa, irin su Lamorde da Karaje da Saga. Ka tambayi dillalin kai tsaye: "Malam, layin nan ruwa na kwanciya in an yi ruwan sama?" Wanda ya ce maka ko'ina lafiya lau, ko dai bai san garin ba ko yana son ya sallame ka. Na kirki zai ce layi kaza ya fi tudu, layi kaza mota ba ta shiga a watan Agusta. Shi ya sa in da hali a duba gida cikin damina, tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da rufi mai yoyo da bangon da ya sha ruwa ba sa ɓoyuwa. Hakan kuma ya yi daidai da mai son ya zauna kafin a koma makaranta a Oktoba.

In an samu gidan da ya kwanta maka, abu biyu za ka nema kafin a yi maganar kuɗi. Na farko kiran bidiyo, dillalin ya fara daga bakin titi, ya nuna layi da ƙofar gida, ya buɗe da makulli ya shiga, ya kunna fanfo, ya haska kan mitar wuta. Bidiyon da aka ɗauka aka turo ba ya cikin lissafi. Na biyu ya haɗa ka da mai gidan ta waya, sannan wakilinka, ɗan'uwa ko abokin aiki da ba shi da kaso a la'ada, ya je ya ga mai gidan ido da ido, ya kuma tambayi maƙwabta ko shi ne. Damfarar da aka fi yi wa na nesa ita ce a karɓi kuɗin gida ɗaya daga hannun mutum biyu ko uku, ko a ba da hayar gidan gado da sauran magada ba su amince ba. Duk dillalin da ya ƙi haɗa ka da mai gida don tsoron kada ku zagaye shi, ka rubuta masa alƙawarin la'adarsa. In har yanzu ya ƙi, gidan ba nasa ba ne.

Kuɗin shiga kashi-kashi ne, kuma a ji kowanne da sunansa tun farko. Akwai ɗan kuɗin mai da dillali ke nema kafin ya kai mutum ganin gida, wanda ba ya dawowa. Akwai la'ada, wadda aka saba ƙiyastawa da hayar wata ɗaya. Akwai abans, wato hayar wasu watanni da ake biya a gaba, sai kuma kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ya kamata ya dawo maka ranar fita in ba ka lalata komai ba. A misali, gidan jika 60 (sefa dubu 60) a wata, in mai shi ya nemi abans na wata uku da ajiyar wata ɗaya, da la'ada sun kama jika 300, ban da kuɗin motar kaya. Ka tambaya ko mai gida ma yana biyan dillalin, don wasu gefe biyu suke ci. La'ada kuma ranar karɓar makulli ake biyanta.

Abans da ajiya kada su bi ta hannun dillalin unguwa. Ka tura wa wakilinka ta Nita ko Amana ko banki, shi ya miƙa wa mai gida ko ajans, ya karɓi rasidi mai ɗauke da kwanan wata, da watannin da aka biya, da unguwa da lambar fili. Takardar da kamfanin tura kuɗi ke bayarwa shaida ce kawai cewa kuɗi sun tafi, ba ta faɗin na mene ne ba.

Ɗan Damagaram ba sai an tuna masa maganar ruwan fanfo ba, amma a Yamai tambayar ita ce ƙarfe nawa yake zuwa, musamman a unguwannin gefen gari da lokacin zafi na Afrilu da Mayu. Maƙwabta za a tambaya, ba dillali ba. Wuta kuma a nemi takardar biyan Nigelec ta ƙarshe, haka ta ruwa, domin bashin wanda ya tashi yana nan a kan mita, kuma wanda ke cikin gida ake yanke wa. In mitar ta haɗin gwiwa ce da wasu ƴan haya, a san yadda ake raba kuɗin tun kafin a shiga.

Yarjejeniyar haya a rubuce za a yi ta, kofi biyu, da sunan mai gida kamar yadda yake a katin shaidarsa. A sa tsawon sanarwar da kowa zai ba ɗan'uwansa kafin tashi, da wanda gyaran rufi da kwashe masai ke kansa. A rana ɗaya wakilinka da mai gida su zaga ɗaki-ɗaki su rubuta halin ƙofofi da fanka da fenti da lambar da mita ta tsaya, su sa hannu, a ɗauki hoto. Wannan takardar ce za ta dawo maka da kuɗin ajiyarka.

Mai niyyar saye kuwa ya fara da haya, ya ga damina ɗaya a garin tukuna. In ya tashi saye, dillali nuni kawai zai yi: takardar fili, ko acte de cession ce ko titre foncier, a kai ta ma'aikatar da ta bayar da ita a tabbatar da sunan da ke ciki, cinikin kuma a ƙulla shi gaban notar, wato masanin doka mai ikon tabbatar da takardun ciniki.

Motar kaya ba za ta bar Damagaram ba sai makulli ya shiga hannun wakilinka, ya sauya kwaɗon ƙofar waje, ya kuma tabbatar an share gidan, da wuta da ruwa suna aiki.