Yadda Ake Gano Ɗan Zanzaron Da Ke Kashe Darɓa A Lambu

Sababbin hannu duk kuskurensu ɗaya ne, sai su riƙa bin ƙwaron da waya suna neman hoto. Abin da tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ina za ka cim masa a iska? Ka bar shi, ka nemi gawar da ya bari.

Shiga lambun kabeji da sassafe, irin na wajen Lamingo, tun sanyin Jos bai saki ƙwari ba. Juya ganye. Inda darɓa ta taru, wadda wasu ke kira kwarkwatar ganye, za ka ga wasu sun kumbura sun bushe, sun yi ruwan ƙasa kamar ƙwayar gero. Uwar zanzaron ce ta soka wa kowacce ƙwai ɗaya, tsutsar ta cinye ta daga ciki.

A nan na sha kashi. Karon farko na kwaso wajen ashirin, kowacce da ɗan rami zagayayye a bayanta, na yi mako biyu ina gadin kwalba. Ashe ramin ƙofar fita ce, mai gida ya riga ya tashi. Marasa rami kaɗai za ka ɗauka. Kuma kada ka jefa ganye guda a ciki, yanko ɗan gutsure da reza. Babban ganye gumi yake yi, kwana uku fumfuna ta rufe komai. Murfi ma ajiye shi, ƙyalle da roba sun isa. Tsohuwar kwalbar Bama nake amfani da ita, ban ga dalilin kashe ko sisi ba. Sa ta a inuwa, ban da bakin taga.

Cikin mako guda ko ɗoriya za ka ga baƙin abu siriri yana yawo a jikin gilashi. Sa kwalbar a firji minti biyar ya lafa, sannan ka duba da gilashin ƙara girma. Fukafukai huɗu, dogayen ƙahonni, ƙugu a tsuke, zanzaro ne. Fukafukai biyu da gajerun ƙahonni, ƙuda ne. Wanda ya fi fitowa daga darɓar kabeji masana na kiransa Diaeretiella rapae. Ba ya harbin mutum.

In ka gama, mayar da shi kan kabejin, ka ɗaga feshi a wannan layin.